Katin Gaisuwa Na Hannu Daga Tashar Baga

Duk wanda ya ratsa kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri, wadda mutanen gari suka fi sani da Tashar Baga, a cikin watan Disamba, zai tarar hazo ya sauko ya lulluɓe bishiyoyin dogonyaro, leburori suna ta ɗaure kwalayen banda da igiya, manyan motoci kuma suna jiran lodi zuwa Anaca da Inugu da Ibadan da Legas. Lokaci ne da mutanen kudu suke ƙara neman kifi saboda bukukuwan Kirsimeti da na sabuwar shekara. Kowane kwali akan yi masa alamar mai shi da ta wanda zai karɓa, amma ban da wannan alama da wuya a ga wani rubutu ya bi kayan. Tarwaɗa ta tafi, kuɗi su dawo ta banki, shi ke nan.

Maganar da wannan fili ya ɗauko a makon nan ƙarama ce a ido, watau katin gaisuwa wanda mutum zai zana da hannunsa da fentin ruwa. Dalilin ɗauko ta daga kasuwar kifi kuwa shi ne, cinikin banda a kan amana yake tafiya. Dillali a Maiduguri yakan ɗora kaya masu yawan gaske ya aika wa mutumin da watakila sau ɗaya yake ganinsa a shekara, wanda ba yarensu ɗaya ba, sau da yawa kuma ba addininsu ɗaya ba. Wannan amana ta sha wuya. A watan Janairu na 2015 aka auka wa garin Baga, mai nisan kimanin kilomita 200 daga Maiduguri, inda yawancin kifin Tafkin Cadi yake fitowa. Ran 7 ga Maris na wannan shekara bam ya tashi a ita kanta kasuwar, aka kuma sake kai mata hari a watan Yuni. Shekaru da dama hukumomin tsaro suka hana safarar kifi daga bakin tafki bisa hujjar cewa 'yan tada ƙayar baya suna samun kuɗi daga cinikin, fatake da yawa na kudu suka daina zuwa. Sai a 2020 aka fara mayar da mutanen Baga garinsu. Ana cikin farfaɗowa kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya ci unguwanni masu yawa na birnin. Abokin cinikin da bai yanke hulɗa ba duk da waɗannan abubuwa ya cancanci abin da ya fi hoton da aka tura wa mutum ɗari biyu a WhatsApp a dare ɗaya.

Manyan 'yan kasuwa dai sun saba buga kalanda su raba a ƙarshen shekara. Kalanda na buƙatar maɗaba'a da kuɗi masu kauri. Kati kuwa takarda ce da launi uku da ɗan haƙuri, kuma yaron da ke taya mahaifinsa lissafin kwalaye a lokacin hutun makaranta, ko yarinyar da ke gida tana jiran sakamakon jarrabawa, suna iya koyonsa a cikin mako biyu.

Shi kansa katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, da hannu aka sa masa launi. A 1843 wani ma'aikacin gwamnatin Ingila mai suna Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa hoton iyali a bakin teburin abinci, a gefe da gefe kuma ana ciyar da matalauta ana tufatar da su. Aka buga guda dubu, aka bi su ɗaya bayan ɗaya da launi, aka sayar sule ɗaya kowanne. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 1949, Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya fitar da katinsa na farko, hoton da ke kai kuwa wata yarinya 'yar shekara bakwai ce daga ƙasar Cekosulobakiya, mai suna Jitka Samková, ta zana shi don godiya bisa taimakon da aka kai ƙauyensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ke nan wanda ya ce shi bai ƙware ba, yarinyar nan ta riga ta ba shi amsa. A nan ƙasar ma dattawa ba su manta da katunan Barka da Sallah waɗanda 'yan makarantun kwana suke aikawa ta gidan waya ba, wasu na kanti, wasu kuma an yanko su daga farin kwali an ƙawata su da fensir mai launi.

Akwai masu ganin fentin ruwa sana'ar Turawa ce wadda ba ta da alaƙa da ƙasar nan. Waɗannan ba su duba abin da ke cikin gwangwanin ba. Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, ba wani abu ba. Ƙaron shi ne ke riƙe launin a jikin takarda bayan ruwa ya bushe. Mafi kyawun ƙaro kuwa daga itacen dakwara ake samunsa, wanda ke tsirowa a Sudan da Cadi da arewacin Nijeriya, musamman a Barno da Yobe da Jigawa. Tun a wajejen 1780 da William Reeves na birnin London ya fara sayar da fenti a dunƙule kamar ƙananan sabulai, da kuma 1835 da kamfanin Winsor & Newton ya fito da irinsa mai laushi wanda aka sa wa gilisarin, ƙaron ƙasashen bakin hamada ne ke tafe da sana'ar. Ana kwasarsa a buhu a tsallaka teku da shi, ya dawo a ɗan gwangwani da tsada.

Kuma mutanen Barno ba su jira Reeves ba. Tawadar da almajiri yake rubutu da ita a allo gawayi ce ko kunkunniyar tukunya da aka dama da ƙaro. Alarammomin da suka sa rubutun Barnawi ya yi suna sukan rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya, su kuma yi zayyana a wuraren da aka raba izu da sumuni. Cikin tsoffin Alƙur'anan Barno da masana suka bincika akwai wanda aka kammala a 1669. Takardar da magabata suka yi amfani da ita galibi daga Italiya take zuwa ta hamada, mai tambarin jinjirin wata uku, amma launin na gida ne. Allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar karatu har yanzu da irin wannan haɗi ake ƙawata shi. Saboda haka mai koyon fentin ruwa a Maiduguri, alƙalamin kara kurum ya ajiye ya ɗauki buroshi.

To, me ake bukata? Abu na farko takarda, kuma a nan ne ya kamata kuɗin su fi tafiya. Takardar littafin rubutu ko ta injin kwafi, mai nauyin giram 70 ko 80, da ta sha ruwa sai ta yamutse ta yi tudu da kwari, launi ya taru a kwarin. Masu sana'ar sun fi son mai giram 300 wadda aka yi da auduga. Idan ba a same ta a kantunan littattafai ko a kasuwar Monday ba, farin kwali mai kauri wanda ba shi da sheƙi zai yi, muddin ba a cika masa ruwa ba. Mai sheƙi kam ba ya shan launi ko kaɗan. Takarda mai girman A4 idan aka raba ta biyu, aka ninke kowane rabi, za a sami kati biyu masu tsawon santimita 14.8 da faɗin 10.5, daidai ƙaramin ambulan. Kafin a ninke sai a ɗora rula a ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, don kada kwalin ya tsage a wurin ninkin.

Buroshi ɗaya mai zagayayyen baki, lamba 6 ko 8, ya isa. A tsoma shi a ruwa a yarfe, in bakinsa ya haɗu ya yi tsini to mai kyau ne, in ya watse kamar tsintsiya a bar wa mai kanti abinsa. Sai farin faranti na tangaran don haɗa launi, da tsumma mai tsabta, da kofi biyu na ruwa, ɗaya na wanke buroshi ɗaya na haɗi. Launi kuwa, gwangwanin 'yan makaranta mai gida goma sha biyu ya wadatar, har ma ya yi yawa. Ja da rawaya da shuɗi su ne uwaye. Shuɗi da rawaya su ba da kore, ja da rawaya su ba da ruwan goro, ja da shuɗi su ba da shunayya. Ukun gaba ɗaya, in aka san gwargwado, su ba da ruwan ƙasa irin na banda, in ba a sani ba kuwa su ba da ruwan kwata.

Wanda yake son ya haɗa nasa, sai ya daka ƙaro mai haske, awo ɗaya, ya jiƙa a awo biyu na ruwan ɗumi ya kwana, ya tace da ƙyalle, ya ɗiga zuma kaɗan don kada ya tsattsage idan ya bushe. Da wannan ruwan zai kwaɓa jar ƙasa da aka niƙa aka tankaɗe, ko kunkunniya, ko bular wanki. Waɗannan uku ba sa kodewa. Ruwan zoɓo da na kurkum suna da kyau ranar farko, amma rana tana cinye su, wanda aka aika wa katin zai tarar kafin damina hoton ya gudu.

Ƙa'idojin aikin kaɗan ne, sai dai sun saɓa wa abin da mutum ya saba gani wurin masu fentin gida ko masu rubuta allon shago. A fentin ruwa ba a shafa fari, takardar ita ce farin, duk inda ake son haske sai a tsallake shi. Ana farawa da launi mai ruwa-ruwa, a bari ya bushe sarai, sa'an nan a ɗora mai duhu a kai, domin duhu yana rufe haske amma haske ba ya rufe duhu. Launi kuma yakan ƙara haske idan ya bushe, don haka a riƙa gwadawa a guntun takarda. Idan aka jiƙa takarda da ruwa zalla aka taɓa ta da launi, zai bazu da kansa ba tare da iyaka ba, da haka ake yin sama da hazo. Idan takarda a bushe take, layin zai tsaya inda aka ajiye shi, da haka ake yin kwalekwale da rassan itace. Babban laifin mai koyo shi ne komawa da buroshi kan wurin da ya fara bushewa don ya gyara. Gyaran nan shi ke ɓata hoto. A bar shi ya bushe, sau da yawa abin da aka ɗauka kuskure ne sai ya zama shi ne kyan katin.

Littattafan koyon wannan sana'a yawancinsu a ƙasashe masu danshi aka rubuta su, inda mai zane yakan zauna yana jiran takarda ta bushe. A Maiduguri cikin hunturu, lamarin a juye yake. Iskar da ke fasa leɓe da dugadugai ita ce ke shanye ruwan takarda kafin buroshi ya kai ƙarshen layi, sai a ga sama ta fito da zane-zane kamar tabarma. Maganin wannan shi ne a yi aiki da sassafe ko bayan la'asar, a cikin ɗaki, nesa da taga da fanka. A haɗa launi mai yawa a faranti tun kafin a taɓa takarda, domin wanda ya tsaya haɗi a tsakiyar aiki ya makara. A manne takardar a kan katako da tef, a ɗan jingina katakon, a ja buroshi daga sama zuwa ƙasa layi bayan layi, ana barin ɗan ruwa yana taruwa a gindin kowane layi don na gaba ya ɗauke shi. Ɗigo ɗaya na gilisarin, irin wanda ake saye a kemis don kaushin fata, idan aka sa a kofin haɗi yana jinkirta bushewa. Fiye da ɗigo ɗaya ko biyu kuwa sai katin ya yi ta danƙo. Ƙura ma abokiyar gaba ce, don tana manne wa jiƙaƙƙiyar takarda, saboda haka a kifa kwano a kai har ta bushe.

Sai kuma wata matsala wadda ta Tashar Baga ce ita kaɗai. Banda na da maiƙo, hannun duk wanda ya wuni a rumfa yana ɗauke da shi, maiƙo kuwa ba ya shiri da ruwa. Yatsa ɗaya ya taɓa tsakiyar takarda, launi zai ƙi zama a wurin, shaidar yatsan ta fito fili kamar ta ranar zaɓe. Dole a wanke hannu da sabulu, a riƙe takarda ta gefe, a kuma ajiye ta a cikin leda, ba a rumfa ba. Amma wannan rashin jituwa yana da amfaninsa. Idan aka goga farin kyandir a hankali a inda za a zana tafki, sa'an nan aka bi da shuɗi, wuraren da kakin ya taɓa za su rage fari fat kamar rana tana wasa a kan ruwa. Haka nan gishiri. In aka barbaɗa 'yan ƙwayoyi a kan launin da bai gama bushewa ba, kowace ƙwaya za ta janye launin da ke kewaye da ita ta bar tabo mai kama da tauraro. Turawa da wannan dabara suke yin dusar ƙanƙara. A nan sai a yi taurarin daren hunturu da ita, ko ɓawon jikin ƙarfasa.

Zancen dusar ƙanƙara ya kawo batun abin da za a zana. Katunan kanti cike suke da gidaje masu bututun hayaƙi, da barewar da ke jan keke a kan ƙanƙara, da itatuwan da ba wanda ya taɓa gani a tsakanin Maiduguri da Anaca. Mai aikawa bai san su ba, mai karɓa bai san su ba. Tun a 1958 ɗaliban zane na kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan ra'ayin cewa a karɓi kayan aikin baƙo amma a zana abin gida. Shawarar tasu ba ta tsufa ba. Hunturun Barno yana da nasa kamanni, kuma ya fi ƙanƙara sauƙin zanawa. Rana a cikin hazo da'ira ce kurum: a ɗora kwabo a zagaye da fensir, a jiƙa sauran takardar, a shafa rawaya mai ruwa-ruwa da ɗan ja, a bar da'irar fara. Idan ya bushe a ja layi ɗaya mai duhu a ƙasa, a ɗora ƙaramin kwalekwale da sandar tuƙi. Kati ya samu, da launi biyu, cikin minti goma sha biyar. Ganyen dogonyaro ma haka: kara ɗaya, sa'an nan a danna cikin buroshi a ɗaga, a danna a ɗaga, dama da hagu, kowace dannawa ganye guda. Wanda ya yi wannan sau hamsin a bayan tsohuwar kalanda, hannunsa ya faɗa.

Wanda ba ya son zana mai rai saboda abin da ya karanta wurin malamansa, ƙofa a buɗe take gare shi, domin zayyana gaba ɗayanta layi ce da kusurwa da saƙa. Ga dagin Arewa, ga zanen hular zanna, ga adon bakin tabarma. Game da taya Kirista murnar Kirsimeti kuwa, malamai sun yi saɓani, kowa ya san wanda yake bi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wannan ba yana iya rubuta godiya bisa cinikin shekara da fatan alheri ga iyali, wannan ba wanda ya hana. Kiristocin birnin, 'yan asalin kudancin jihar da 'yan kudancin ƙasar da ke zaune a nan, su ma suna da maƙwabta Musulmi da za su mayar wa gaisuwa. Tun da shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, Sallah tana zagaya lokutan shekara. A Disamban 2000 kwana biyu ko uku ne suka raba Kirsimeti da Ƙaramar Sallah, kuma nan da 'yan shekaru za ta sake komowa tsakiyar hunturu. Hannun da ya koyi aikin bana ba zai rasa abin yi ba.

Rubutu shi ne na ƙarshe, bayan komai ya bushe ƙayau. Wanda zai yi da tawadar gida da alƙalamin kara ya tuna cewa an yi ta ne don a wanke ta daga allo, ɗigon ruwa ɗaya zai kwashe ta, don haka kada buroshi ya sake kusantar wurin. Biro ba ya zuba. A rubuta sunan mutumin cikakke da laƙabin da ake kiransa da shi a kasuwa, da boko ko da ajami, da Hausa ko Turanci ko ma kalma biyu na yarensa in an sami mai koyarwa. A ambaci wani abu da ya faru tsakani a cikin shekarar, ko da haƙurin da ya yi ne lokacin da mota ta kwana uku a hanya. A bayan katin, can ƙasa, wanda ya zana ya sa sunansa da shekara da sunan gari, ko da yaro ne ɗan aji huɗu.

Idan katin ya ɗan lanƙwashe, a sa shi tsakanin takardu biyu masu tsabta a danne da littafi mai nauyi ya kwana. Kada a jefa shi cikin kwalin kifi, don maiƙo zai ratsa ambulan kafin a kai Damaturu. A sa shi a leda biyu a ɗaure, a damƙa wa direba hannu da hannu tare da takardar kaya, a kuma yi haka tun kafin tsakiyar Disamba, lokacin da hanyar kudu ba ta riga ta cushe da masu tafiya gida ba.